Littafin Malama Fuatino

Gidajen ƙauyenmu ba su da bango, ginshiƙai ne kawai da rufi, iskar teku ta shiga ta fita. In mace ta yi atishawa, maƙwabciyarta ce ke fara yi mata sannu. To a irin wannan wuri ne Malama Fuatino ta dawo daga kwas ɗin malamai a Apia, babban birninmu, da wani baƙin littafi. Wai kullum in an tashi makaranta ta keɓe ita kaɗai, ta rubuta abin da ta koyar, da inda ta kasa, da yadda za ta gyara. Ba mai karantawa sai malamar kwas, a ƙarshen zango. In ba littafi ba takardar shaida, in ba takarda kuma aikinta ya tafi, don na wucin gadi ne.

Fuatino kuwa in aka ce ta share ɗaki, har rufi take sharewa. Gaskiya ta dinga zubawa a littafin. Rabin shafukan a kan Sinalei suke, 'yar dagaci, wadda ta kai aji shida ba ta iya karatu ba. Da kunne yarinyar ke haddacewa, ta tsaya a coci tana bin layi da yatsa, ana ta yaba mata. Fuatino ta gano, ta soma koya mata a ɓoye lokacin tara. Ta san uban. Shi ne ya karya hannun yayan Sinalei da itacen tuƙa kwalekwale ranar da ya faɗi jarrabawa.

Keɓewar ce ta jawo. A nan ba mai zama shi kaɗai sai marar lafiya ko marar gaskiya. Ga ta kullum a bayan coci tana rubutu, wani lokacin har da murmushi, in an matso ta rufe. A wurin wanki magana ta tashi.

"Wa ke yi wa aiki murmushi? Wasiƙa ce."

"Direban bas ɗin Apia ne. Kujerar gaba yake ajiye mata."

"Wannan mai haƙori ɗaya?"

"Ke dai bari, ɗayan ma na gwal ne."

Ranar Lahadi da safe, maza na gasa duwatsun murhu don dafa gwaza da alade, Talaleu, uwar mijin Fuatino, ta kira ta. Mijin nata, Uelese, na tsugune bakin wuta yana kankare kwakwa, bai ɗago ba. A kan tabarma kuma ga matar dagaci, shugabar matan ƙauye, ta zo sasantawa.

"Ke 'yar nan, ɗauko littafin," in ji Talaleu. "Karanta mana da ƙarfi, daga farko. In aiki ne, kunnenmu ba zai kumbura ba."

"Inna, an ce ba a nuna wa kowa."

"An ce! Wa ya ce? Mai haƙorin?"

"Haba Malama," matar dagaci ta ce a hankali, "ni uwa ce. Karanta, in wanke ki a gaban kowa."

Fuatino ta buɗe. Sunan Sinalei ne a layin farko. Ta juya shafi, shi ne dai. Ta dubi matar dagaci, wadda ba ta taɓa riƙe magana daga tabarma zuwa rijiya ba. Kafin a buga ƙararrawar coci dagaci zai ji.

"Maigida," ta ce, "kai ma sai na karanta?"

Uelese ya ci gaba da kankare kwakwarsa. "Karanta kawai, kowa ya huta."

Ta tako a nutse, ta ɗora littafin a kan jajayen duwatsun. Nan take ya lanƙwashe ya kama da wuta. Talaleu ta ɗora hannu a ka.

"Kun gani! Mai gaskiya ba ta ƙona shaidarta!"

Ƙarshen zango ya zo, malamar kwas ta ce ta yi haƙuri, ba littafi ba takarda, doka ce. Uelese bai kore ta ba, ya dai daina cin abincinta, har ta haɗa kayanta ta hau jirgin ruwa zuwa tsibirin iyayenta. Direban, bawan Allah, ko sunanta bai sani ba.

An kawo sabon malami. Makon jiya Sinalei ta tsaya a coci, hannayenta biyu lafiya lau, tana bin layi da yatsa. Ubanta har da share hawaye.