Irin Kabewar Gidanmu

A garinmu in kaka ta yi, kowane gida da abin da yake tinƙaho da shi. Mu kabewa ce. 'Yar ƙarama ce, bayanta toka-toka, cikinta ja wur, ga zaƙi kamar an ɗiga mata zuma. Baba kafinta ne, amma ban taɓa jin ya yabi kujerar da ya ƙera ba. Kabewar nan kuwa, in ya ɗauko tarihinta tun daga kan kakansa, gara ka nemi wurin zama.

Duk shekara da an kwashe amfanin gona, sai a ɗora babbar tukunya a tsakar gida, a dafa ta da albasa da man shanu, a bi unguwa gida-gida da kwanuka. Dafaffiya kawai ake bayarwa. Ɗanya ba ta fita, iri ba ya fita. 'Ya'yan da aka ƙwaƙule ma sai an soye su a kasko, kada wani ya tsinta ya shuka. Na shuka kuwa Baba ne da kansa yake warewa, ya shanya, ya rufe a gwangwani.

Bana lokacin dahuwa ya zo yana kwance, an yi masa aikin ido. Dogo, babban wanmu, ya ce ba za a ji kunya ba. Ya fafe kabewar kaf, ya dafa, aka raba, kowa ya yaba. Ya ɗauka Baba ya riga ya ware nasa, don haka ya juye sauran 'ya'yan a kasko. Da bakinsa ya kai rahoto, har yana murmushi.

"Ka soye duka?" in ji Baba.

"Duka, Baba. Ko ƙwaya ban bari ba, yadda kake yi."

Baba ya sa aka miƙo masa gwangwanin, ya girgiza. Babu komai a ciki. Bai yi faɗa ba, amma daga ranar ya daina tambayar shago, abinci ma sai Inna ta tsaya a kansa.

Innar ce ta gaji ta ce, "Malam, ka je wurin ƙanwarka mana."

Kowa a gidan ya san zancen. Da Goggo za ta yi aure ta roƙi irin, Baba ya ce wadda ta bar gida ba ta tafiya da shi. Ta ƙulle ɗan kaɗan a gefen zane ta tafi abinta. Tun daga nan gaisuwarsu sai a wurin rasuwa.

Ni na riƙe masa hannu, don idon na ɗaure. Muka tarar da Goggo a bayan injin niƙa tana tsinken barkono. Ta saurare shi har ya gama kame-kamensa.

"Wayyo Yaya, ai na daɗe da daina shuka ta. Ni ba wani sonta nake ba, don ka hana ne na ɗauka. Ragowar na ba bakaniken can, ku duba bayan garejinsa."

Bayan garejin juji ne. Tsofaffin tayoyi, gwangwanayen mai, tsumma baƙi ƙirin. Yaɗon kabewa ya haye komai, 'ya'ya birjik, wasu har sun ruɓe a inda suke. Gaskiya sun fi namu ƙiba.

Baba ya durƙusa da farar rigarsa, ya laluba ya tsinko ɗaya. Ya ari wuƙa wurin bakaniken ya yanka, ya kai ɗanyar bakinsa. Ya daɗe yana tauna.

"Ita ce," ya ce.

"Kwashi ko nawa ne, Baba," in ji bakaniken yana goge hannu. "Ko awaki sun gaji da ita. Da ma ina neman mai nome min wurin."

Ɗaya tak Baba ya ɗauka. Na ce ya kawo in riƙe, ya ƙi. Ya cusa ta ƙarƙashin riga, muka kamo hanya, cikinsa ya yi tulu guda. Da farko dariya ta so kama ni, daga baya tausayi ya rufe ni.

Da muka iso bakin layinmu ya ja ya tsaya, ya matse hannuna.

"Auta, leƙa ki gani. Akwai mutane a ƙofar gida?"