Man Gashin Rahab da Kwandon Gyaɗa

Shekara tara Rahab, matar Malam Enoch, ita ke jan layin mata ranar godiyar kaka a majami'ar garin Dayi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Wadda ke gaba takan ɗauki kwandon gyaɗar fari a ka, daga bakin ƙofa har gaban Fasto, hannuwanta biyu suna tafa waƙa. In ta taɓa kwandon, ko ya faɗi, baɗi wata ce a gaba. Susana ce ke bin bayanta, shekara tara tana jiran Rahab ta yi tuntuɓe.

Da daminar 1964 Rahab ta kai 'yarta Jane asibiti a Malumfashi. A tagar wata nas ta ga kwalbar man gashi mai kauri, yana sheƙi kamar wuyan tattabara a rana. Ta dangwala, ta ji santsi. Nas ta ce mata ai ƙyallin daga ɓawon kifi ake samo shi. Wanda Allah ya ba gaban layi bai kamata ya nemi ƙari ba, amma ido ba ya ƙoshi.

Ana saura kwana uku biki ta leƙa katangar maƙwabciyarta Lauratu, wadda mijinta ke sayar da kifi.

"Lauratu, tara mini ɓawon kifi."

"Ɓawo, Maman Jane? Yunwar ta kai haka? Bari in ba ki kifin."

"Riƙe kifinki. Kwalliya zan yi."

"To, magen unguwa ta yi sabuwar ƙawa."

Rahab ta wanke ɓawon sau bakwai, ta murje shi a ruwa, ta tace da tsumma, har wani farin ƙyalli ya kwanta a gindin ƙwarya. Saura santsi. Ta jiƙa karkashi, ta ga yauƙin bai ishe ta ba, ta ƙara dargaza. Ta ƙara kuɓewa. Ta zuba duka a turmi da ɗan man auduga. Bugu na uku taɓarya ta suɓuce daga hannunta, ta tsallake katanga, ta sauka a tsakar gidan Lauratu. Da mai hankali ce, da a nan ta tsaya.

Malam Enoch ya leƙa turmin. "Miya ce ko fenti?"

"Maigida, abin da ba ka sani ba, ka bar wa masu shi."

"Na bari. Amma kada ki zuba mini a tuwo."

Ranar Lahadi ta lafta haɗin a kitsonta har yana ɗiga. Gaskiya ya yi kyau, goshinta sai walƙiya. Don a gani, ta tura ɗankwali can baya, ta ɗora gammo, ta ɗora kwando. Ta manta abin da kowace yarinya mai zuwa rafi ta sani: kwando kan gammo yake zaune, gammo kan ɗankwali, ɗankwali kuwa gashi ya kama.

"Yaya Rahab, yau kanki kamar sabon kwanon rufi," in ji Susana daga baya. "Amma wa ya soya kifi?"

Rahab ta ɗaga waƙa, ta fara tafi.

Taku biyar, ɗankwali ya fara zamewa hagu. Ta karkata wuya hagu, ya koma dama. Ta bi shi dama. Matan baya suka ɗauka sabuwar rawa ce, mutum talatin suka shiga karkata wuya suna murmushi. Hannunta ya tashi zai kama kwandon, ta tuna da Susana, ta mayar da shi tafi. Saura taku huɗu, kwando da gammo da ɗankwali suka sulale ta ƙeya gaba ɗaya, kamar an zare wa kwalba murfi. Gyaɗa ta watsu har ƙarƙashin benci. Dattawa biyu da suka taso taimako suka taka ta, suka zauna a ƙasa ba shiri.

Susana ta kewaye su a hankali, ta sauke nata kwandon gaban Fasto da ladabi.

"Baɗi Susana ce a gaba," in ji Fasto, yana kakkaɓe gyaɗa daga littafinsa. "Rahab, a rufe kai, a kawo tsintsiya."

Da ta koma gida ta tarar da Malam Enoch yana shafe gindin rumbu da ragowar haɗin.

"Maman Jane, kin yi aiki. Ɓera uku sun gwada hawa, duk sun dawo da baya. Ga mage ta tare a gindin ba a kira ta ba."

Shekarar da ta biyo Rahab ta tsaya ta goma sha ɗaya a layi, kanta a bushe, ɗankwalinta ɗaure har gira. Kwandonta bai ko motsa ba, kuma ba wanda ya duba.