Aninin da Na Ƙara

Ni ɗinkin hula na iya. Aji huɗu na yi a firamare na bari, na zauna gaban Malam Ƙasimu a Gawon Nama shekara tara ina koyon ƙube. Don haka ran da Yaya Siddiƙu, ɗan wan babana, ya ce in bi shi ofis in yi mishi zane cikin kwamfuta, na ɗauka ba'a ce.

Shi ke kula da kwamfutar wani kwamitin soja da ke ba direbobin tanka takardar izinin ɗaukar mai, a shekarun nan da mai ya yi wuya. Abin da ke cikinta shi ya tsara da kanshi: gurbin suna, gurbin lambar mota, da maɓallan da ake dannawa a fuskar gilashin. Shugaban kwamitin, wani Laftanar Kanar da kowa ke ce ma Oga, ya ce shina son alamar muƙaminshi bisa maɓallin amincewa, kuma ta fito a kan kowace takarda. Yaya ya gwada zanawa. Da ya nuna mini mikiyar da ya yi, na ce mishi wagga ai kaza ce da anka fige. Ya ce to gwani, bismilla, ga kujera.

Ranar Asabar ce, ba kowa a ofis sai mu. Ya buɗe mini wani fili mai gidaje kamar na dara, talatin da biyu a tsaye, talatin da biyu a kwance. Ka ɗora hannu bisa wani ɗan abu mai wutsiya da suke kira ɓera, ka danna, gida ɗaya ya cika da launi. Ban daɗe ba na gane ɗinki ne, allurar ce kawai ta sake. Ya nuna mini hoton Oga a bango, mikiya da anini ɗaya a kafaɗa, ya fita neman takardar bugawa.

Na yi mikiya a tsakiya, ta zauna daram. Ba wurin anini a ƙarƙashinta, sai na sa shi a dama. Na ja da baya na duba, abin duk ya karkace. Malam Ƙasimu ya sha kwance mini aikin kwana uku don fure ya fito a gefe ɗaya babu ɗan'uwanshi a ɗayan. Sai na ƙara wani aninin a hagu, hankalina ya kwanta. Yaya ya dawo ya ɗora zanen bisa maɓalli, ya koma kamar ƙwayar wake. Ya yaba mikiyar, bai ƙirga komai ba.

Ranar Laraba kafin azahar Dijatu matarshi ta iso rumfarmu, mayafinta na jan ƙasa. Ta ce soja sun tsare Yaya tun safe. Masinjan ofis ne ya faɗa mata dalili: mikiya da anini biyu alamar cikakken Kanar ce, kuma an buga ta a takardu sun fita. A watannin nan rediyo ba ta da labari sai na hafsoshin da anka kama bisa zargin juyin mulki. Sojan da aka ga ya ƙara ma kanshi girma a takarda, ba sai an faɗa maka inda za a kai shi ba. Ta ce Yaya ya ce musu shi ya zana da hannunshi.

Ban da Yaya, ba wanda ya san na taɓa shiga ofishin nan. Na zauna da allura a hannu, na kasa zura zare. Malam Ƙasimu ya dubi fuskata ya gane aikina ne, sannan ya karɓi hular da nake ɗinki ya ajiye gefe.

"Illo, wanda ya yi ɗinki shi ka kwancewa."

Da ƙafa na tafi, don in hanya ta yi tsawo. A bakin ƙofa wani saje ya sa na maimaita abin da ya kawo ni sau uku, ya ce da gani kai ko biro ba ka iya riƙewa. Ya tisa ni gaba har ciki.

Yaya na durƙushe a siminti, ba takalmi, ba tabarau. Da ya gan ni ya runtse ido. Oga siriri ne, ba kamar hotonshi ba. Na'urar sanyi na aiki amma wuyan rigarshi ya jiƙe, hannunshi ɗaya bisa tarho kamar mai tsoron ya yi ƙara. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi son da ya ɗaga.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe."

"Wa ya ce maka za a ƙara mini girma? Wane hafsa ka sani?"

Na ce ban san ko kurtu ba. Ya sake tambaya ta wata fuskar, ya sake. Sai na cire hular kaina na miƙa mishi da hannu biyu, na ce ya duba, duk abin da ke dama akwai shi a hagu, haka anka koya mini. Ya juya hular a hankali, ya bi furannin da yatsa, ya sake juyawa. Ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Tashi ka cire shi."

Na zauna gaban kwamfutar. Gida goma sha uku ne aninin da na ƙara. A na biyar na yi kuskure na goge bakin fiffiken mikiya. Na ji takalmin saje ya matso bayana. Na mayar da fiffiken, na ci gaba, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama mikiyar ta rinjaya dama, ba kyan gani. Oga ya ce haka nan za ta zauna.

Takarda arba'in da shida anka buga. An bi direbobi an karɓo arba'in da uku, munka tsaya a tsakar gida saje ya cinna musu ashana. Sauran ukun sun bi tankoki sun bar gari tun Litinin. Oga ya rubuta sunana da unguwarmu da sunan Malam Ƙasimu a ɗan littafinshi, ya sa a aljihu.

"Ku yi addu'a kada su faɗa hannun mai ƙirga. In an zo ɗaukata, ba ni kaɗai zan tafi ba."

Anka ba Yaya takalmanshi, tabarau dai ba a gan shi ba, sai na riƙe mishi hannu munka fito. Sai da munka kai bakin titi rana ta doki kaina na tuna hulata na kan teburin Oga. Ban koma ba. Wata tanka ta taho daga gabas tana rage gudu, munka tsaya cik muna tunanin takardun nan uku, har ta wuce.