Udu a Zauren Liman

Alhaji Ɗanjuma ya dawo Maska tare da ayarin fatake a farkon bazara, bayan shekaru yana karatu a Misra. Ya tarar an binne mahaifinsa, Liman Maitama, tun kakar bara. Limancin masallacin unguwar marina yana jiransa. Ɗan baffansa, Malam Lawal, shi ke jan salla kafin dattawa su yanke magana, kuma kowa ya san riƙo kawai yake yi. A zamanin nan, waɗanda suka taka Makka da ƙafarsu a duk ƙasar Maska ba su da yawa.

Sai dai Alhaji ba ya iya zama. In ya buɗe littafi a zaure, bai kai ƙarshen shafi ba zai rufe. In ya je gona, bai kai ƙarshen kunya ba zai ajiye fartanya. Ya zaga marina, ya dawo, ya sake fita.

Wani sauti ne ya hana shi sakat. A lungun da ya zauna a Alƙahira akwai wani masassaƙi mai yin abin kiɗan da Larabawa ke kira udu: babban ciki kamar rabin duma, gajeren wuya mai karkata baya, fuska ta itace ba ta fata ba, tsirkiyoyi bibbiyu. In ya taso daga karatu, nan yake tsayawa yana kallo. Bai taɓa riƙe wa mutumin ko wuƙa ba. Yanzu sautin yana cikin kansa, kuma kullum ƙara dusashewa yake.

Ran kasuwa ya je layin masassaƙa ya saye sababbin alluna, duk wanda ya samu. Babu wani shimfiɗaɗɗen itace a garin in ba allo ba. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa: Alhaji zai buɗe makarantar ubansa. Mata suka fara aiko da fura.

Yayansa Mati, wanda ke riƙe da gandun gidan, ya shiga bayan ɗaki ya same shi yana tsaga allo da gizago, siriri-siriri.

"Me nake gani haka?"

"Ba a taɓa rubutu a kansu ba, Yaya."

"Ban tambaye ka rubutu ba. Mene ne wannan?"

Alhaji ya zana masa siffar abin a ƙasa da tsinke. Mati ya duba, ya sake dubawa.

"Molo ke nan."

"Ba molo ba ne."

"Yana da wuya? Yana da tsirkiya? To molo ne." Ya share zanen da ƙafa. "Ka saurare ni, Ɗanjuma. Sassaƙa ba laifi ba ce, liman na iya sassaƙa. Amma ranar da aka ce ɗan Liman Maitama makaɗi ne, buzun limancin nan ya bar gidanmu. Ba wanda zai bi maroƙi salla."

"Ni ba zan roƙi kowa ba."

"Allah ya sa."

Aikin ya ƙi shi tun daga farko. Ya gina siffar cikin da yumɓu, ya bar ta ta bushe. Ya fere tsage-tsagen allon da wuƙa har suka kusa nuna haske, ya jiƙa su, ya lanƙwasa a bayan tukunya mai zafi. Rabinsu suka karye, wasu suka ƙone. Yatsunsa suka yi bororo. Ya koma kasuwa ya ƙaro alluna, mutane suka ce lalle makarantar babba ce.

Manne kuma sai da ya dafa guntayen fata har suka narke suka yi danƙo. Warin ya cika gida. Hansai, matar Mati, ta kwashe tukwanenta ta koma girki a gindin tsamiya, tana cewa ko majema sun fi wannan tausayin maƙwabta.

Da ya haɗa cikin ya tsaya, damina ta yi nisa. Aka yi kwanaki ana ruwa ba rana. Wata safiya ya shiga ɗakin da ya ajiye shi ya tarar mannen ya sha raɓa ya saki, itatuwan sun buɗe kamar furen kabewa. A Misra bai taɓa ganin haka ba, don can ruwan sama baƙo ne. Ya tsaya yana kallo, sannan ya tattara su, ya kankare tsohon mannen, ya sake dafa fata. Wannan karon ya rataye aikin a saman murhu, inda hayaƙi ke korar danshi.

Jibo mai molo, wanda ke yi wa marina kiɗa ranar bugu, ya ji labari ya zo gani. Bai jira an yi masa iso ba.

"Sannu da aiki, abokin sana'a."

"Ni ba abokin sana'arka ba ne, Jibo."

"Tukuna dai." Ya ƙwanƙwasa cikin da farce. "Allah gafarta Malam, duma ya ƙare a duniya ne? Ka yanka ɗaya, ka ja masa fatar akuya, kafin azahar kana kiɗa. Ka je har Misra ka koyo yadda ake wahala."

"Fata ba ta ba da sautin."

"Wane sauti?"

Alhaji ya koma kan itacensa. Jibo ya yi dariya.

"To wa za ka yi wa kirari da shi? Marina nawa ne. Mahauta suna da nasu. Sai dai masu auduga, su kuma rowa gare su."

"Ba a yi wa kowa kirari da shi."

"Kiɗan da ba na kowa ba? Kai, Larabawa suna da lokaci."

Fuskar ce ta fi cinye shi. Ya haɗa alluna biyu baki da baki, ya yi ta gogewa da ganyen ɓaure mai kaushi. Ya huda zagaye a tsakiya. Wuyan ya yi da itacen ƙirya, da 'yan turakun ɗaure tsirkiya. Tsirkiyoyin kuwa hanjin tumaki ne da ya karɓo wurin mahauta, ya wanke, ya murɗa, ya shanya a kan danga. Karnukan unguwa suka cinye na farko. Gero ya nuna aka yanka, dawa ta sunkuya, shi bai leƙa gona ba. Da yake kwanciyar rana ma ta gagare shi, ya rame.

Bayan an shigar da dawa rumbu, Mati ya zo masa da saƙo.

"Dattawa za su zo yau bayan la'asar, da Malam Lawal. Buzu za su ba ka. Ka sa rigarka ta Makka, ka ɓoye wannan abu a rumbu."

"Saura ɗaurin tsirkiya kawai."

"Gobe ma rana ce."

Ya sa rigar. Ya kai udun bakin rumbu, ya tsaya, ya dawo da shi. Ɗakin da duhu, ramukan turakun ƙanana ne, sai ya fito zaure inda haske yake. Ya ce a ransa zai ɗaura biyu ya bari. Ya ɗaura biyu, ya taɓa. Ya ɗaura wasu. Yana murɗa turke yana saurare, yana sassautawa, yana ƙara ja. Ya ɗauko gashin mikiya ya fara bin tsirkiyoyin a hankali, yana neman wata hanyar kiɗa da masassaƙin can ke bi duk lokacin da ya gama sabon udu.

Sautin bai kai na Misra ba. Ya fi shi kauri, tsirkiya ɗaya kuma tana zuza kamar ƙudan zuma. Amma ba molo ba ne. Yana da wani dogon amo da ke zama cikin itacen bayan an ɗaga hannu.

Bai ji sallama ba. Da ya ɗaga kai, dattawa suna tsaye a ƙofar zaure, Malam Lawal na riƙe da buzu a naɗe, Mati na bayansu fuska a murtuke.

Babban dattijon ya yi gyaran murya, ya kau da ido. Mutum ne mai kawaici, kuma yana son gidan Liman Maitama.

"Alhaji yana gwada itacensa ne," in ji shi. "Masassaƙi kan ƙwanƙwasa turmi ya ji ko ya tsage. Mu ba mu ji komai ba."

Sauran suka ce haka ne. Mati ya sauke numfashi.

Sai ga sanda tana laluben dokin ƙofa. Inna Tsohuwa ce, mai kaɗin zare a gidan da ke kallon nasu, wadda idonta ya mutu shekarun baya. Ta ratsa tsakanin dattawan ba ta san ko su wane ne ba.

"Wane baƙon makaɗi aka saukar a gidan Liman? Tun ɗazu na ajiye mazari ina ji. Yaro, daga wace ƙasa?"

Ta ƙara matsowa da sandarta.

"Ban ji ka ambaci sunan kowa ba, amma ba a jin kiɗa a tashi haka nan." Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro ɗaya fari, ta miƙa shi wajen da sautin ya fito. "Ungo. Ba yawa."

A Maska ba a ba malami goro don ya yi kiɗa, kuma wanda ya karɓi goron kiɗa ya faɗi ko shi wane ne. Kowa a zauren ya san haka.

"Inna, kuskure kika yi," in ji Mati da sauri. "Ɗanjuma ne, Alhaji. Sassaƙa yake yi. Mayar da goronki."

"Ɗanjuma?" Hannunta bai sauka ba. "To ni dai kiɗa na ji. Ko ba kiɗa ba ne, Alhaji?"

Alhaji ya dubi buzun a hannun Lawal. Ya dubi goron. Tun da ya fara aikin nan an kira shi molo, an kira shi wahala, yanzu an kira shi turmi.

"Kiɗa ne, Inna," ya ce.

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ɓare goron, ya jefa ɓari ɗaya a baki.

Babban dattijon ya ce sun zo gaisuwa ne, kuma sun gaisa. Suka juya. Malam Lawal ya gyara riƙon buzun a hammata ya bi su.

"Shekara nawa Baba ya yi a kan buzun nan," in ji Mati. "Ka sayar da shi a kan goro ɗaya."

"Lawal ya fi ni iya zama, Yaya."

Mati ya shige gida bai ƙara kallonsa ba.

Da magariba Malam Lawal ya ja salla. Alhaji ya bi a sahun baya, kusa da Jibo, wanda ya matsa masa wuri. Sai da aka sallame Jibo ya sunkuyo.

"Masu audugar nan fa, in ka lallaɓa su, suna bayarwa."

Hankalin Alhaji na kan tsirkiyar da ke zuza. Wuyan ne ya karkace kaɗan, kuma ba zai gyaru ba sai an ɓalle shi. Washegari kasuwa ce. Tun da hantsi yana layin masassaƙa yana juya alluna, kuma wannan karon ba wanda ya tambaye shi yaushe za a buɗe makaranta.