Mai Busa a Bayan Sanoe

Tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi a farkon damina, leɓen Sanoe bai ƙara jin komai ba. Zafin shayi da sanyin ƙarfe duk ɗaya ne. Amma bigila tana hannunsa, kuma shi ne a gaban 'yan badujalar ƙauyen, inda ubansa ya taɓa tsayawa. Kakansa ne ya baro soja da bigilar, shekara tamanin da wani abu da suka wuce, ya tara manoma bakwai ya koya musu busa. Tun daga nan ba a raka saurayi shiga zuhudun addinin Buddha, ba a ƙona gawa a yankin, sai da su.

Dokarsu guda ce. Wanda malami ya danƙa wa bigilar hannu da hannu ranar Alhamis shi ne jagora, ba kuwa mai karɓe ta sai ya miƙa da kansa.

Bayan wata jana'iza, suna cin shinkafa da miyar kifi a rumfar haikali, sai wani tsoho mai zuhudu, Luang Ta Phan, ya sa aka kira Sanoe. Ya zo ya durƙusa, ya haɗa tafukan hannu.

"Ka yi busa mai daɗi yau," in ji tsohon.

"Na gode, Baba."

"Sai dai daga bayan kanka na ji tana fitowa. Yaushe ka koyi busa da ƙeya?"

Sanoe bai yi dariya ba.

Tsohon ya ci gaba. "Buddha ya koya mana aiki ƙafa huɗu gare shi. Son aikin, naci, sa hankali, sai duba abin da ka yi. Ukun farko kana da su har sun yi maka yawa. Ta huɗun ce gurguwa. Je ka ƙarasa abincinka."

Ran Lahadi suka raka wani saurayi da aka aske wa kai zai shiga zuhudu. Ana zagaya ɗakin ibada, mata na rawa, sai Sanoe ya janye bigilar daga bakinsa, kamar faɗin yatsa. Kiɗan bai tsaya ba. Daga bayansa yake fitowa, tsaf, daga ƙahon Wanphen, 'yar ƙanwarsa mai sayar da taliya a bakin kasuwa. Zagaye uku ya yi bai hura komai ba. Ba wanda ya waiga. Ya saurari kansa ko fushi zai zo. Bai zo ba.

Da aka watse ya tare ta.

"Tun yaushe?"

"Tun da ka tashi daga ciwo, Kawu."

"Wa da wa suka sani?"

Bunrot mai ganga, abokinsa tun ƙuruciya, ya tofar da ruwan ganyen da yake taunawa. "Har karnukan haikali sun sani. Iskar da kake fitarwa ko kyandir ba za ta kashe ba, tsoho."

"Shi ne ba ku faɗa ba."

"Wa zai ce wa malami ajiye? Ka manta dokar kakanka ne?"

Sanoe ya goge bigilar, ya naɗe ta a ƙyalle, ya tafi gida. Kwana uku ya yi yana cire ciyawa a gonar shinkafa.

Ran Alhamis aka jera kayan busa a kan dakali, aka ajiye ayaba da dafaffiyar kaza, aka kunna turare don girmama malaman da suka shuɗe. Sanoe ya kira Wanphen. Ta matso da gwiwa.

"Kawu, ba macen da ta taɓa riƙe ta."

"Wata biyar kina riƙe da ita. Taɓa ta ce kawai ba ki yi ba. Ungo, hannuna ya gaji."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai ta goshinta. Sanoe ya tsaya a tsakar rumfa, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Bunrot ya gusa a kan benci, ya miƙo masa farantan tagulla biyu da ake bugawa. "Zo nan baya. Waɗannan ba ruwansu da leɓe."

Ya zauna. Wanphen ta ɗaga kiɗan, ya buga, bugun ya faɗi inda bai kamata ba. Ta sauke bigilar, ta juyo.

"Kawu, ka makara."

"Na ji," in ji Sanoe. "A sake."