Targaɗe a Dutsen Lantau

Babayo Bakano ne, yadi yake saye a Guangzhou ta ƙasar China yana aikawa Kantin Kwari. Shekara biyu suna ɗaki ɗaya da Iliasu, ɗan zangon Kumasi mai ofishin loda kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu.

A ƙarshen 1998 suka tsallaka Hong Kong sabunta biza. Iliasu ya dage sai sun hau dogon dutsen da ke tsibirin Lantau. Babayo bai taɓa hawa abin da ya wuce Dala ba, amma ya bi shi.

Da hantsi suka kama hawa. Hanyar matakala ce ta duwatsu masu santsi, ga iska mai sanyi, ga gajimare na ratsa su. Sun yi nisa sosai sai ƙafar Babayo ta zame, ya faɗi. Nan take idon sawunsa ya kumbura.

"Ɗan'uwa, kada ka motsa," in ji Iliasu. "Bari in sauka in nemo mutane."

Gajimare ya rufe Iliasu, Babayo bai ga inda ya nufa ba. Ya yi azahar a zaune, da taimama. Sanyi ya shige shi har haƙoransa na haɗuwa, amma Iliasu yake wa addu'a, kada shi ma ya faɗi.

Wajen la'asar wani dattijo ɗan China da matarsa suka iske shi. Matar ta ɗaure masa ƙafar da tawul, dattijon ya ba shi sandarsa, suka sauko da shi a hankali. A tashar mota Babayo ya tarar da Iliasu, wanda ya ce ɓata ya yi. Babayo ya rungume shi.

Sati shida yana jinya a Guangzhou. Wata rana Salihu, abokin cinikinsu, ya zo dubiya.

"Ashe kun kai ƙololuwa? Na ga hoton Iliasu a ofishinsa."

Washegari Babayo ya ɗingisa har Huangpu. Ga hoton nan a bango: Iliasu tsaye a kan tsinin dutsen, ya ɗaga hannu yana dariya.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

Iliasu ya sunkuyar da kai. "Saura kaɗan mu kai, Babayo. Na ce in je in dawo. Da na dawo ba ka nan, sai na sauka ta wata hanya." Sannan ya ƙara, "Ai ka warke."

Babayo ya juya ya fita. A satin ya kwashe kayansa ya koma wani ɗaki a Baiyun. In sun haɗu a masallaci ranar Juma'a yana amsa sallamarsa, ya ɗauki takalmansa ya wuce.