Hannun Malam Luka a Cikin Injin Wanki

Injin wankin gidan Alhaji Ɗayyabu ya girmi ƙaramar 'yarsa, wadda yanzu take ɗakin mijinta. In aka kunna shi, ƙugi yake yi yana tafiya da kansa a tsakar gida. Duk an saba da wannan. Da ya fara yoyo ne matar Alhaji, Hajiya Fiddausi, ta ce ta gaji, don ruwan kumfa har ƙofar ɗakin girki yake kwarara.

Ranar da za ta tafi bikin suna a garin Kwalkwalawa ta ce, "Alhaji, don Allah a kira mai gyara."

"Wanga ɗan yoyo? Ki tahi abinki."

Alhaji hatsi yake sayarwa a kasuwa, bai taɓa gyara ko fitila ba. Tana fita ya leƙa gidan maƙwabcinsa Malam Luka, tsohon malamin makaranta, abokin hirarsa tun zuwansu unguwar Minanata. Luka ya zo da sukundireba da gilashinsa na karatu.

Suka cire wayar wuta, suka kwantar da injin, suka kwance bayansa. Gardama ta tashi nan take. Alhaji ya ce gindin ne ya tsage, Luka ya ce tiyon da ke fitar da ruwa ne. Da suka haska da fitilar wayar hannu, sai ga tsaga a jikin tiyon, can ciki.

"Na gaya maka," in ji Luka. "Kawo roba."

Alhaji ya yanko robar cikin tsohuwar tayar babur. Luka ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ta wani ɗan lungu, ya yi ta nannaɗe tiyon yana cije leɓe har ya ɗaure shi tamau. Ya ja hannu zai fito. Hannu ya ƙi.

"Alhaji, abin nan ya riƙe ni."

"Mi ya riƙe ka? Jawo mana!"

Alhaji ya kama ƙugunsa ya ja, injin ya biyo su. Ya taka injin da ƙafa ya sake ja, Luka ya yi ihu. Suka gwada sabulu, bai yi ba. Alhaji ya ruga ɗakin girki ya ɗauko kwalbar farko da hannunsa ya taɓa, ashe man shanun da Hajiya take ɓoyo don miyar baƙi ne.

Yana durƙushe yana shafe gwiwar hannun Luka da shi sai suka ji sallama. Hajiya ce ta dawo daga suna, ta tsaya da ledar cincin a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi Malam Luka kwance a ƙasa rungume da injin, ta dubi kwalbar.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Shi mai gyaran ne ake yi wa tausa?"

Dariya ta ƙwace wa Luka. Yana cikin yinta jikinsa ya saki, hannun ya sulluɓo da kansa.

Suka tayar da injin, suka zuba ruwa, suka kunna. Su uku suka tsuguna suna leƙen ƙarƙashinsa. Ko ɗigo babu. Alhaji ya miƙe yana gyara hula kamar shi ya ƙera injin. Hajiya dai ta karɓe kwalbarta, ta ba Luka cincin.

Da Luka ya shiga gida, matarsa Hannatu ta tare shi da kwanon abinci, sai ta tsaya tana shinshina.

"A ina ka ci tuwo?"

"Ban ci komai ba. Gyaran inji na je."

"Injin da man shanu yake aiki?"

Ta mayar da murfin kwanon. Sai da Hajiya Fiddausi ta leƙo ta katanga ta ba da shaida, tana share hawayen dariya, sannan Malam Luka ya samu abincin rana.